Neman Matakin Ciwon Yaya a Yola

Ba a zauren majalisa ake sanin darajar ɗan ƙasa ba. A kujerar bayan motar haya ake saninta, inda ake cusa mutum huɗu a mazaunin uku, ko da ɗayansu na ɗauke da ciwon daji a hanji.

Mun tashi daga unguwar Sintali a Jalingo ana kiran assalatu, ni da yayana da matarsa. An riga an yanko ɗan tsoka daga babban hanjinsa, an tabbatar daji ne. Ashe sanin sunan ciwo daban, sanin matakinsa daban. Likita ya ce tambayoyi uku ne: zurfin da ƙarin ya ci a bangon hanji, ko ya kama kaluluwar da ke kusa, ko ya tsallaka hanta da huhu. Amsoshinsu ke nuna mataki, daga na ɗaya zuwa na huɗu. Idan bai tsallaka ba, aikin tiyata zai iya raba shi da ciwon. Ana buƙatar hoton da suke kira siti, na'urar da aka tura mu wajenta kuwa ta lalace, "ana jiran injiniya". Sai Yola. Sharaɗi ɗaya: kada ya ci komai kafin hoton.

Hanyar dai kun san ta. Ramukan da na sani tun ina koyarwa suna nan, har sun yi jikoki. Duk wanda muka faɗa, sai Yaya ya dafe ciki, direba ya ce, "Sannu Baba, ba ni ba ne, gwamnati ne." A Zing doya tsibi-tsibi kamar a kyauta, farashinta kuwa sai ka yi salati.

A Mayo Belwa aka yi mana aika-aika, cikin ƙauna. Matar Yaya ta sanar da baffanta za mu wuce, sai ga dattijon a bakin titi da ƙwaryar fura da kindirmo.

"Alhaji, bismilla. Ba a zuwa wajen likita da yunwa."

Na ce, "Baffa, an hana shi."

"Wa ya hana? Fura abinci ce?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya karɓa. Mutumin da ya yi shekaru yana musu da dillalan Kano ya kasa cewa a'a ga suruki. Ya shanye tas, har da godiya. Ni kuwa na haɗiye abin da ba ya faɗuwa a gaban manya.

A Yola ma'aikaciyar ɗakin hoton ta tambaya ko ya ci wani abu, shi kuma ba ya ƙarya. Aka ce mu jira cikin ya sauka. Kafin ya sauka an kashe janareto. Muka kwana a masauki mai tsadar otal da sauron fadama.

Washegari aka sa masa ruwa ta jijiya, aka ɗauki ƙirji da ciki, aka ɗebi jini. Likitar ta daɗe tana duba hotunan.

"Baba, hanta lafiya, huhu lafiya. Ba mu ga alamar na huɗu ba."

Matarsa ta fashe da kuka. Na ce, "To na nawa ne, Likita?"

"Hoto hasashe yake bayarwa, Malam. Sai an yi aiki, an cire wurin da kaluluwarsa an duba. Idan ta kamu, na uku ne, sai a bi da maganin ciwon daji. Kada dai ku yi jinkiri."

Mun shigo Jalingo da la'asar, gida cike da 'yan dubiya, kowa na tambayar na nawa ne, kamar sakamakon jarrabawa. Tafiyar ta koya mini cewa kunya na iya cin kwanan mara lafiya, kuma ƙasar da ke sa shi tsallake jiha don hoto ɗaya ba ta da ita ko kaɗan. Duk da haka na kwanta da farin ciki, tunda saura aiki kawai.

Da safe na je karɓar ranar aikin. Aka ce mini likitan tiyatar ya koma Saudiyya da aiki.