Takardun da Na Bari a Aljihun Wando

Shekarun baya, lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare a nan Zuru, ni ne monitan ajinmu. Ba ƙwaƙwalwa ce ta ba ni muƙamin ba, babbar murya ce da iya rubutu a allo.

Ana saura wata biyu mu yi jarrabawar fita, malaminmu na adabin Turanci ya faɗi da babur, ƙafarsa ta karye. Kafin a tafi da shi wajen mai ɗori a Kanya, ya sa aka kira ni, ya miƙo mini takardu huɗu da ya rubuta da hannunsa. Ya ce, "Monita, waƙoƙin bana ke nan da bayaninsu. An canja su, ba irin na da ba ne. Ka rubuta a allo, kowa ya kwafa."

Ran Juma'a ce. Na ninke su na cusa a aljihu. Washegari yayana yana da golmo a Dabai, aikin gonar da saurayi da abokansa ke yi wa surukai, sai na bi su da wandon nan. Ruwa ya dake mu a gona, na dawo jikina duk taɓo, mahaifiyata ta jiƙa wandon ta wanke. Ran Lahadi ta miƙo mini wani dunƙule kamar ragowar tuwo.

"Wannan na makaranta ne ko shara ce?"

Na ce mata shara ce.

Kanya ba nisa gare ta ba. Ofishin shugaban makaranta ma taku kaɗan ne daga ajinmu. Amma na ji tsoron bulala a gaban asambili, na ji tsoron a karɓe monita. Sai na ɗauko tsohon littafin yayana na shekara uku baya, na kwafe waƙoƙin ciki da bayaninsu a allo, na ce Malam ne ya aiko. Na ce wa kaina ai waƙa waƙa ce, ko ɗaya dai za ta fito.

Abokina, ɗan wani tsohon soja, shi ya fi kowa haddace su. Lauya yake son zama, kuma ba a ɗaukar mutum karatun lauya sai ya ci adabi.

Ranar jarrabawa muka juya takarda zuwa sashen waƙoƙi. Ko ɗaya daga cikin waɗanda muka haddace babu. Wata yarinya a baya ta fara kuka a hankali. Ina kallon ƙeyar abokina, biro a hannunsa, bai rubuta komai ba har aka karɓe.

Da muka fito, wuri ya hargitse. Wasu na yaga littattafai, wasu na zagi. Abokina yana ta maimaitawa, "Wata biyu. Wata biyu ina haddar banza. Mutumin nan ya kashe ni." A makon ne Malam ya dawo gidajen malamai. Kuma wanda ya fara cewa "Mu je gidansa" ni ne. So nake hayaniya ta yi yawa kada kowa ya samu damar yi mini tambaya.

Malam ya fito yana dogara sanda. Abokina ya jefe shi da littafin da ya kwafi waƙoƙin a ciki, ya same shi a ƙirji ya faɗi ƙasa. Da ƙyar Malam ya sunkuya ya ɗauka. Ya buɗe, ya duba shafi biyu, sannan ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa na buɗe babbar muryar nan tawa na ce, "Abin da ka ba ni shi na rubuta."

Sai Malam ya ce, "Ku tafi gida ku shirya wa takardar gobe."

Iyaye suka cika makaranta da ƙorafi. Kafin sabon zango an mayar da shi wata ƙaramar makaranta wajen Sakaba. Abokina ya faɗi adabi, babansa ya ce ba maimaici, ya shiga soja.

Sai bayan shekara tara na iya buɗe baki. Abokina ya zo hutu, muna zaune a ƙofar gidansu na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi.

Ya ce, "Har yau ina iya karanta waƙoƙin nan da ka. Kuma kana tsaye na jefi gurgu da littafi." Ya miƙe ya tayar da babur. "Hau. Ba ni za ka fara ba haƙuri ba."

Mun sami Malam yana gyaran shingen gidansa. Ya saurare ni har na gama, ya ce tun ranar ya gane, don bayanin da ya koya wa ajin yayana ne ya gani a littafin.

Abokina ya ce, "To Malam, me ya hana ka faɗa?"

"Kun kai arba'in, ranku a ɓace. Da na faɗa, da mu biyu mai ɗori zai haɗa."

Ya ce ya yafe. A hanyar dawowa abokina bai yi mini magana ba.

Mutane kan ce yarinta ce. Ban yarda ba. Ɓatan takardu yarinta ce, amma tsayawa gaban mutum da karyayyar ƙafa in ɗora masa laifina, wannan da sanina na yi, kuma har yau in na tuna haushin kaina nake ji. Muna gaisawa da abokina in ya zo gari. Sai dai tun ranar bai sake kirana da sunana ba. Monita yake ce mini, kuma ba da wasa yake faɗa ba.