Gunvor da Fankokin Layin Baya

Gunvor Thygesen ta yi shekara talatin tana kamun kifi daga tashar Esbjerg kafin ta sayar da jirgin mahaifinta. Daga nan ta koma tuƙa jirgin da ke kai mu, makanikai, wurin manyan fankokin da iska ke juyawa su samar da lantarki, waɗanda aka jera layi-layi a tsakiyar teku. Shekara tara na yi ina shiga jirginta. Ba ta da yawan magana, amma idan ta faɗi abu ba ta janyewa.

Wani watan Mayu, fankokin layin baya suka rage ba da wuta, na gaba kuwa suna aiki yadda aka saba. Sau uku ofis yana tura ni, ina kwancewa ina ɗaurawa, ban ga komai ba.

A tafiya ta huɗu Gunvor ta miƙo mini kofi ta ce, "Ejner, kana son hawan tsani ne haka, ko matarka ce ta kore ka? Fankokin nan lafiyarsu ƙalau."

Na ce, "Yaushe kika zama injiniya?"

Ta ɗebo ruwan teku a bokiti. "Sa hannunka."

Sanyi ya ratsa ni har gwiwar hannu.

"To, ruwa da sanyi, iskar da ke zuwa daga tudu da ɗumi. Mai ɗumin sai ta kwanta a bisa mai sanyin, ba sa cakuɗuwa. Na gaba su cinye iskar, babu wata sabuwa da za ta sauko ta cike gurbin, na baya su tashi da ragowa. Nan ƙasa shiru, amma can sama riƙe hularka."

Na hau fankar. A ƙasa teku lumui, a sama kuwa da ƙyar na buɗe ƙofa saboda ƙarfin iska.

Na rubuta maganarta a rahoto, da sunanta. Masanin yanayi na kamfanin ya duba awon da ke hannunsa, ya ce haka ne. A Oktoba, da ruwa ya fi iska ɗumi, layin baya ya farfaɗo ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya ba.

Bara ta ajiye aiki. Yanzu tana koya wa masu neman takardar tuƙin jirgi, kuma an ce ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.