Wanda Dalhatu Bai Wanke Ba

Ni ban iya kai mugun labari ba. An taɓa aike ni in gaya wa kawuna jakinsa ya faɗa rijiya. Na je na zauna, na sha fura, muka yi zancen tsadar taki da ciwon gwiwa, na yi sallama na taho abina. Sai da yamma ya ji a bakin mai goro. Saboda haka in kun ga ina jinjina wa Dalhatu na Kanan-Bakashe, ku sani mai gudun kaya ne ke yabon mai ɗauka.

Tun da ya dawo daga Libiya a ƙarshen damina, safiyar Dalhatu iri ɗaya ce. In ya fito masallaci ba ya tsayawa hira. Sai ya zagaya bayan rumbunsa, inda rezo ke ɗan kamawa, ya ɗaga salula sama ya jira. Ciwon sukari ya ci masa idanu, rubutu ba ya ganuwa gare shi, saƙon murya kaɗai yake saurare. Kuma ba ya tsallake ko ɗaya, har wa'azin da ake ta turawa da tallan maganin basir, don kada a ce a ƙarshen wani akwai maganar da yake jira. Matarsa Binta ta kawo kunu ta ajiye, ya huce.

"Malam, kunun ga sau nawa za ni ɗumama shi?"

"Bar shi, Binta. Ya saba."

Shekara goma sha wani abu Dalhatu ya yi yana shugabancin ƙungiyar 'yan Mayahi da Tasawa mazauna Sabha ta Libiya. Ba albashi, ba buro, ba kujera. Aikinsa na cin abinci gini ne. Yadda ya samu muƙamin ma abin dariya ne. An taru zaɓe a tsakar wani kango, kowa na tura wa ɗan'uwansa, sai Dalhatu ya fita kama ruwa. Kafin ya dawo an ɗaga hannu an gama. Ya shigo yana yarfe hannu, ya ji ana "Allah ya taya riƙo, Peresida." Ya ce wa fa? Aka ce kai.

Daga ranar, duk yaron da ya sauka daga motar hamada da ƙura har cikin kunne, wurin Dalhatu ake kai shi. Ya ba shi ruwa, ya tambaye shi ɗan wane gida ne, sannan ya zaunar da shi ya gaya masa dokokin zama da rai. Akwai wata mararraba da leburori ke tsayawa da safe, masu neman ma'aikata su zo da mota su ɗiba. Dokar Dalhatu ita ce kada ka shiga motar kowa kai kaɗai. In dole ta sa, to wani ɗan gida ya ga fuskar mai motar, ya riƙe lambarta a ka. Kada a yi taron suna ko na salla a wuri guda da yawa, don masu kame na son taro. Samari suka yi ta gunaguni. Suka ce tsoho ya mai da su mata, har raɗa masa suna suka yi, Baba Kada. Sallar da 'yan wata ƙungiya suka haɗu a fili suka yanka raguna, aka zo da manyan motoci aka kwashe su da nama a baki, 'yan Mayahi suna ɗakunansu uku-uku, huɗu-huɗu, suna cin taliya suna zagin Baba Kada. Ba wanda ya zo ya ba shi haƙuri, shi ma bai jira ba.

Ilyasu na Kona, wanda yanzu ke ɗinki a kasuwar Tasawa, ya ba ni labarin nasa. An kama shi ba takardu, aka jefa shi gidan kaso. Ya ce kullum in rana ta take sai ya ji wata murya a bakin ƙofa tana gwama Larabci da Hausa, tana roƙo, ana korar ta. Gobe ta dawo. Ya ce: "Mushe," haka ake kirana a nan, monsieur ɗin Faransanci ne, "wallahi ba don sun ji tausayina sunka sake ni ba. Gajiya sunka yi da Larabcin Dalhatu."

Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami ba wannan ba ne. In ɗan gida ya rasu a can, ko gini ya faɗo masa, ko zazzaɓi, ko harsashin da ba a san mai shi ba, Dalhatu ne ke zuwa ya karɓo gawar. Shi ke wanke ta da hannunsa, ya yi mata sutura, ya tara 'yan tsirarun da suka samu fitowa a yi salla a rufe. Sannan ya koma gefe ya kira gida.

Bai taɓa kiran uwa kai tsaye ba. Kawu yake nema, ko liman, ko maigari. Ya fara gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya ruwa, hatsi ya yi kai? A garuruwanmu an gane shi. In gaisuwar Dalhatu ta yi gajarta, saƙo ne aka aiko. In ta yi tsawo har ta kai ga tambayar lafiyar bisashe, sai wanda ke riƙe da salula ya nemi wuri ya zauna. Akwai matan da in sun ga lambarsa sai su kife salular a tabarma su fita tsakar gida, kamar in ba a ɗauka ba abin bai faru ba. Ya san da haka. Ya taɓa ce mini: "Mushe, ni ne mutumin da ba a so a ji muryarsa a Mayahi." Yana dariya ya faɗa, amma dariyar ba ta daɗe ba.

Kuma yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa: ba ya faɗin mutuwar wanda bai wanke ba. Kafin zamaninsa an taɓa aiko da labarin rasuwar wani mutum a kan an ce, an ce. Aka yi sadaka, aka raba gona, matar ta fita takaba ta yi aure. Bayan shekara biyu mamacin ya sauka daga mota ran kasuwa da rediyo a kafaɗa. Har ya mutu mutuwar gaske bai sake zama mutum ba. Dalhatu ya ce ba za a kuma ba a hannunsa. Shi ya sa maganarsa ta zama shaida. In ya ce na wanke wane, liman ba ya neman wani bayani, mata su shiga takaba a ranar.

Sai ga maganar Sirajo.

Sirajo ɗan Urafane ne, ɗan fari ga wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo Zara'u. Ya yi aure da 'yan watanni fari ya cinye gonarsu, ya bar amaryarsa Sakina a ɗaki ya bi hanya. Ya isa Sabha lafiya. Dalhatu ya zaunar da shi ya karanta masa dokoki kamar kowa, yaron yana cewa to Baba, to Baba. Bai cika wata ba, wata safiya Dalhatu yana can wajen karɓo gawar wani ɗan Kona, farar mota ta tsaya a mararraba ta ce mutum ɗaya take so. Sirajo ya kwana biyu bai samu aiki ba. Ya riga kowa tsalle. Waɗanda ke wurin suka ce kafin su waiwayo motar ta sha kwana. Fara ce, abin da suka riƙe ke nan. A garin nan kuwa kusan duk mota fara ce.

Dalhatu ya nema. Ya bi gidajen kaso, ya bi gonakin bayan gari inda ake tsare leburori, ya shiga ɗakin ajiye gawa ya ɗaga mayafi bayan mayafi, yana addu'ar kada ya gan shi, yana kuma tsoron fita bai gan shi ba. An taɓa tsare shi shi ma kwanaki saboda yawan tambaya. Damina uku yana wannan, idanu na raguwa, har ranar da ya taka tsani ya rasa matakala ya faɗo. 'Yan ƙungiya suka ce Peresida ya isa haka, suka sa shi mota.

Bai yi sati biyu a gida ba aka aiko daga Urafane ana son ganinsa. Ni na kai shi bisa moto, wato babur, don ba ya ganin hanya sosai. Na so in tsaya a waje in yi gadin moto, ya kama hannun rigata ya ja ni ciki.

Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Kawu Mamudu, yayan Gwaggo Zara'u, shi ke magana da yawun gidan. Gwaggo tana daga bakin ƙofa da carbi. Da aka gama gaisuwa Kawu ya gyara zama.

"Dalhatu, kai munka sani. Damina uku ke nan. Yarinyar ga tana zaune, ita ba mai miji ba, ita ba mai takaba ba. Ka hwaɗi kalma guda, liman ya yi addu'a, mu yi sadaka, kowa ya huta."

"Kawu, ban wanke shi ba."

"Mun ji ba ka wanke shi ba. Amma a ranka mi kake gani?"

"Abin da ke raina ba shaida ba ne."

"Kai hwa taurin kai gare ka. Can ma haka ka ishi mutane?"

"Haka sunka ce."

Gwaggo Zara'u ta tsayar da carbi. Ba ta kama sunan ɗanta ba, ɗan fari ne. Ta ce: "Yaya, ku bar shi. Duk garin ga shi kaɗai ne bai kashe mini yaron da baki ba."

Sai wata murya ta fito daga bayan zana, ƙasa-ƙasa.

"Baba."

"Na'am, ɗiyata." Dalhatu ya juya fuska wajen muryar. Ya ce mata malamai suna da hanya. Wadda mijinta ya ɓata, in ta kai ƙara, ana iya warware mata auren, ba laifi gare ta wurin Allah ko wurin mutane, kuma shi da kansa zai tsaya mata.

"Baba, ni ba saki nike nema ba," in ji Sakina. "So nike in sani. In yi kuka, ko in ci gaba da share mishi ɗaki?"

Mutumin da ya kira gidaje ba iyaka ya faɗi abin da ba wanda ke son faɗa, ran nan sai ya buɗe tafin hannuwansa biyu yana kallonsu, ko da yake ba na jin yana ganinsu. Aka kawo fura, ba wanda ya taɓa.

A hanyar komawa mun yi nisa cikin yashi kafin ya yi magana a bayan kunnena.

"Mushe, akwai gidan kaso guda can arewa da ban samu shiga ba. An ce akwai masu jin Hausa ciki."

Na ce ai akwai yara a ƙungiya, wanda ya gaje shi ya je mana.

"Wa ya gaje ni? Sau biyu ana zama zaɓe. An ce yanzu in an taru ba mai fita kama ruwa."

Na yi dariya har moto ya karkace. Shi bai yi ba.

Dalhatu, kai ne uban waɗanda suka bar ubanninsu a gida. Kai ne hannun ƙarshe da ya taɓa 'ya'yan mutane a ƙasar da ba wanda ya san sunan kakanninsu. Akwai kaburbura a bayan Sabha da in ba kai ba, ba mai iya nuna na wane da na wane. An zage ka don ka hana, an guje ka don ka faɗa, yanzu kuma ana jin haushinka don ka ƙi faɗa. Kalma guda za ta raba ka da nauyin Urafane, har a yi maka godiya a kai. Ka ƙi sayen hutunka da ita. Ban sani ba ko hakan ya yi wa Sakina daɗi. Na dai san duk uwar da ka taɓa ce wa na wanke shi, ta yi kukanta ba tare da shakka ba, kuma wannan ma wata rahama ce da ba kowa ke samu ba.

Mun gode, Peresida. Mutanen Kona sun gode, na Urafane da na Kanan-Bakashe, da waɗanda suka kife salula don kada su ji ka. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar idanu, ya sa a samu masu wanke ka da irin tausayin da ka wanke na wasu.

Ku kuma samarinmu da ke can, masu ƙarfi a jika da idanu biyu garau, aikin nan ba ya son ilimi, ba ya son Larabci mai kyau, Ilyasu shaida ne. Mutum yake so wanda in an kore shi yau zai dawo gobe. Wani a cikinku ya miƙe ya ce ni. Tsohon nan ya yi nasa, ya cancanci ya zauna a inuwar gidansa ya sha kunu da zafinsa.

Don murnar hutunsa na yi wannan rubutu, na tafi da shi Kanan-Bakashe in karanta masa. Binta na tarar a ƙofar gida. Ta ce Malam ya shiga motar Agadas, hanyar Libiya, tun ran Lahadi.