Ƙadangare na Biyu

A shekarun da ake ta maganar hanyar jirgin ƙasa za ta iso Gusau, aka kawo ni amarya wani ƙauye kusa da Bungudu. Ni 'yar Tsafe ce, gidanmu kuwa gidan masu zanen ƙwarya ne. Mu in muka ga abu sumul babu zane, hannunmu ƙaiƙayi yake yi. Ludayi, muciya, har kujerar surukata, Inna, ban ƙyale ba.

Gidan mijina manoma ne masu shanu. In ruwan farko ya sauka aka yi shuka, dole shanu su haye gulbi, kada su cinye geron mutane. Amma garke ba ya motsawa sai mutum ɗaya ya riga kowa, ya duba ciyawa, ya gwada zurfin mashigi. Surukina, Baba, shi ke wannan aiki tun ba a haifi mijina ba. A shekarar nan gwiwa ta kama shi, ya ce ɗansa zai tafi. Ƙannen Baba suka yi ta gunaguni, wai ango ne, hankalinsa yana ɗaki. Baba ya ce a gwada shi sau ɗaya. In bai kawo magana mai kama hankali ba, a ba wani.

To, Baba ya saro reshen dargaza, ya gasa a wuta, ya miƙar da shi, ya ɓare bawon, ya shafe da man shanu. Sanda ta fito doguwa har kafaɗa. Ya yanka mata zobe uku can wajen ƙasa, ya jingine ta a gindin rumbu.

Na wuce na gan ta. Na dawo na sake ganinta. Na ce a raina, Allah sarki, tsoho ya fara ado ya gaji.

Wallahi da zuciya ɗaya na ɗauke ta. Na sa ƙarfena a garwashi, na wasa 'yar wuƙata. Na kwaikwayi zobban Baba, zurfinsu da faɗinsu, har ni kaina ban iya raba nawa da nasa. Na jera su tun daga ƙasa har sama. Tsakaninsu na ƙona sawun zabuwa, da ƙayar kifi, da ƙadangaru huɗu suna hawa, kowanne yana bin wutsiyar ɗan'uwansa. Kwana biyu ina yi ina waƙa. Tuwo ya kama a tukunya, ban ji ƙauri ba.

Da safen tafiya na miƙa wa maigidana. Ya juya ta, ya sake juya ta, bakinsa a buɗe.

"Ke, mi kinka yi?"

"Ba ta yi kyau ba?"

Ya dube ni, ya dubi sanda. "Ta yi kyau," ya ce, murya can ƙasa. Ya saɓa ta a kafaɗa ya bi ta bayan gida, don kada ya haɗu da Baba. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi juyi uku.

Da la'asar ya dawo. Dattawa suna zaune ƙarƙashin tsamiya, mu mata muna bayan zana muna saurare. Ya faɗi ciyawa, ya faɗi inda ya ga sawun kura, duk daidai. Sai Baba ya ce, "Ruwa hwa? Ina ya kai? Na ɗaya, na biyu, ko na uku?"

Mijina ya shiga juya sanda yana duba.

Inna ce ta raɗa mini abin da ban sani ba. Zobe na ɗaya gwiwar maraƙi ne, na biyu ƙirjin maraƙi, na uku ƙirjin saniya. In ruwa ya wuce na biyu, maruƙa ba su haye. Ashe ma'aunin ruwa na ɓata.

"Da kai nike," in ji Baba.

Mijina ya ce, "Baba, ya kai ƙadangare na biyu."

"Ya kai mi?"

Ya miƙa sanda. Aka yi ta wucewa da ita hannu zuwa hannu. Ƙanen Baba, wanda ya fi kowa gunaguni, ya kai ta kusa da idonsa. "Wanga ƙadangare, mai jan kai ne ko macen? Don mu san irin zurfin." Wani tsoho ya yi dariya har ya faɗi daga kan buzunsa. Wani ya ce gobe a aiki zabuwa ta gwada, tunda ga sawunta. Baba kaɗai bai yi dariya ba. Yana laluben zobbansa da babban yatsa, bai same su ba.

"Ka ga abin da munka faɗa," in ji ƙanen. "A ba wani."

Ni ban taɓa ɗaga ido gaban surukina ba. Amma na ja zane na rufe kaina, na fito, na durƙusa, na miƙa hannu biyu. Baba ya ɗora mini sanda. Na nufi turke inda maruƙa suke, dattawa suka biyo ni kamar za a kai amarya.

Na zaɓi mafi ƙanƙanta. Na kafa sanda kusa da ƙafarsa, ya tuma. Na sake, ya lashe mini kunne. Inna ta riƙe wuyansa, mijina ya riƙe wutsiya, ni ina dariya ina hawaye cikin zane. Da ya tsaya, kowa ya sunkuya. Kan ƙadangare na biyu bai kai ƙirjinsa ba, da saura faɗin tafin hannu.

Baba ya sa nasa tafin ya auna. Ya daɗe a durƙushe da gwiwar nan tasa mai ciwo.

"Kan ƙadangaren ko wutsiya?" ya tambayi ɗansa.

"Kan. Ruwa ya taɓa hancinsa."

"To, ya gwada daidai. Gobe su haye, shi ke gaba."

Washegari suka haye, ruwa bai ci maraƙi ko ɗaya ba. Da rana ta yi sanyi Inna ta shigo ɗakina da tsohuwar sandar Baba, wadda ta yi baƙi don hannu. Ta ɗaure tsumma a saman zobe na uku.

"Surukinki ya ce daga nan zuwa sama naki ne. Kuma ƙadangaru yake so."