Indomin Salansa a Gonar Kawu

Muna tsaka da loda buhunan masara a gonar Kawu Ila a Mabai sai na ji ƙauri. Na leƙa ƙarƙashin bas ɗina. Busasshen karan da na faka a kai ya kama da wuta.

Makon jiya na kai tsohuwar motar Ƙanƙara, mai walda ya haɗa mata tukunyar nan mai tace hayaƙi a jikin salansa, wadda makanikai ke ce ma indomi. Hayaƙin motar ke tada ma Inna fuka. Ashe tukunyar zafi take ɗauka kamar murhu, ni kuwa a gona duk inda na samu nake tsayawa.

Ga tankin mai, ga masarar shekara jibge a gefe. Na faɗa ciki na murɗa makulli, ta ƙi tashi.

"Kawu, ku tura!"

Dattijo da 'yan ƙwadago suka sa kafaɗa, ina jin kara na fashewa a ƙarƙashina, har muka fita fili. Da ƙasa muka binne wutar.

Kawu na haki ya ce, "Mi ka sa ma motar nan?"

"Maganin hayaƙi ne, Kawu."

"To, can da tana hayaƙi, tari kawai muke yi."

Masu tsofaffin motoci, an taɓa gaya maku abin nan na kunna kara? Ni dai ba wanda ya gaya mani.