Maigidana Ne Ya Kai Ƙanena Hannun Hukuma

Ni Kirista ce, haifaffiyar wani ƙauye a arewacin Adamawa, aure ne ya kawo ni Jimeta. A lokacin da abin nan ya faru ina koyarwa a makarantar firamare, kuma ina cikin zumuntar mata a cocinmu. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, dattijon ikkilisiya, mutumin da ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Kowa ya san shi da ra'ayi guda: hukuma daga Allah take, wanda ya ja da ita da Allah yake ja. Ba ya ba da na goro a shingen hanya, ba ya yarda a zagi shugabanni a falonsa ko da albashi ya makara. In matasa suka fara gunaguni a coci, sai ya tuna masu cewa Kiristocin farko sun yi wa sarakunan da suka fi namu mugunta addu'a. Ni ma a kan wannan koyarwar na tashi, kuma ina alfahari da shi.

Da 'yan bindiga suka ci garuruwanmu, mutane suka kwararo Yola, wasu a ƙafa, wasu a bayan tirela. Gidanmu ya cika har kicin ana kwana. Matar ƙanena ta iso da 'ya'yanta biyu, amma shi ba labari. Ƙanen nan nawa manomi ne, bai yi boko mai nisa ba, ni na goya shi. Mun riga mun fara yi masa kukan mutuwa sai ga shi wata rana da hantsi, ya rame, ƙafafu a kumbure. Da ya ci abinci ya huta, ya gaya mana cewa 'yan bindigar ne suka tare shi a hanya, suka sa shi ɗaukar kaya da kiwon shanun da suka kwaso, har ranar da aka aike shi ɗibar ruwa ya samu ya gudu. Ya rantse bai taɓa riƙe bindiga ba. Na yarda da shi, maigidana ma ya yarda.

To a kwanakin nan garin a tsorace yake, bam ya tashi a wuraren taruwar jama'a, rediyo kullum tana cewa duk wanda ya sauki baƙo ya sanar. Maigidana ya ce dole a kai shi wurin jami'an tsaro ya faɗi abin da ya gani. Na roƙe shi ya bari yaron ya warke tukuna, ko a fara zuwa wurin fasto da jauro, wato mai unguwa. Ya ce mai gaskiya ba ya ɓuya, in maƙwabta suka riga mu kai magana gidan gaba ɗaya zai shiga uku, kuma wataƙila abin da ya sani ya ceci rayuka. Ya ƙara da cewa ba zai tsaya gaban ikkilisiya yana koyar da biyayya ba alhali yana ɓoye mutum a ɗaki. Na yi shiru, don an koya mani cewa mace ba ta ja da mijinta a irin wannan. Ƙanena ne ma ya lallashe ni, ya ce, "Adda, ki bari. Hamma ya fi mu sanin gwamnati." Haka yake kiranmu irin na mutanen nan, ni Adda, maigidana kuma Hamma, wato yaya mace da yaya namiji. Da safe maigidana ya ba shi rigarsa mai kyau, ya ɗauke shi a babur.

Da la'asar ya dawo shi kaɗai. Ya ce an karɓe su da mutunci, an ce tambayoyi ne kawai, a zo gobe a tafi da shi. Da aka koma, aka ce an wuce da shi gaba. Ina ne gaban, ba wanda ya faɗa. Bayan wani lokaci ma wanda ya karɓe shi aka ce an yi masa canjin wurin aiki, sababbin kuma suka ce ba su san zancen ba.

Ba zan iya kwatanta yadda gidanmu ya koma ba. Matar ƙanena ta kwashe 'ya'yanta ta koma sansanin 'yan gudun hijira, ta ce gara ta bi layin abinci da ta ci tuwon gidan da aka sayar da mijinta. Mahaifiyata ta daina amsa gaisuwar maigidana. Ni kuwa ina dafa masa abinci in ajiye, ina wanke masa kaya, amma in ya fara addu'ar safe sai in ji bakina ya ƙi cewa amin. A coci ma an rabu biyu. Wasu suka ce ya yi abin da Nassi ya ce. Wasu, musamman mata, suka ce ai Nassin nan ya yaba wa matan da suka ƙi bin umarnin sarki na kashe jarirai. Shi dai ya nace cewa hukuma za ta gano gaskiya ta sake shi. Da na kawo maganar lauya, sai ya ce kai ƙarar gwamnati tawaye ne. Ranar na gaya masa maganar da har yau nake nadamarta, na ce da ƙanensa ne da ya nemo wata ayar.

Wani tsohon fasto da ya yi ritaya ne ya zo gida ya zauna da shi. Bai ce masa ya yi zunubi ba. Ya tuna masa ne cewa manzon da ya koyar da biyayya ga hukuma, shi ne kuma da aka ɗaure shi za a yi masa bulala ya tambayi sojoji ko doka ta yarda a doki ɗan ƙasa ba tare da shari'a ba. Ya ce kotu ma hukuma ce, wanda ya je gabanta bai fita daga biyayya ba. Bayan tafiyar tsohon na ga maigidana ya daɗe zaune a tsakar gida, hannu a kan fuska.

Daga nan ya tashi tsaye. Akwai wani Alhaji maƙwabcinmu, mutumin Barno mai sayar da busasshen kifi, wanda shi ma aka kama ɗansa a tasha ba a sake ganinsa ba. Da can gaisuwa kawai ke haɗa su. Suka zama abokan tafiya, daga ofishi zuwa ofishi, daga wannan gari zuwa wancan, wurin lauyoyi da masu kare haƙƙin jama'a. In lokacin salla ya yi maigidana ya tsare masa jaka. An kore su a wasu wuraren, an yi masu alkawarin banza a wasu. A wurin aiki aka fara yi wa maigidana kallon mai goyon bayan 'yan ta'adda, mutumin da ya kai surukinsa da hannunsa.

Shekaru suka wuce kafin a sako ƙanena cikin wasu da aka ce an bincika ba su da laifi. Ya dawo ba haƙoran gaba, ba ya iya kwana in an rufe ƙofa, ƙaramar 'yarsa ta gudu da ta gan shi. Maigidana ya durƙusa a gabansa ya nemi gafara. Ƙanena ya ɗaga shi, ya ce ya yafe, kuma har yau Hamma yake kiransa. Amma bai sake taka gidanmu ba. Yana noma a Mbamoi, in ina son ganinsa ni nake zuwa. Ɗan Alhaji kuwa har yanzu shiru.

Maigidana bai bar imaninsa ba. Yana biyan haraji, yana zaɓe, yana yi wa shugabanni addu'a kowace Lahadi. Ni ma ban ce a ɓoye mai laifi ba, na ga abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyenmu. Abin da na koya shi ne, hukuma ko da Allah ne ya kafa ta, mutane ne ke zaune a kujerunta, mutum kuwa yana kuskure, yana tsoro, yana mantuwa. Na kuma koya cewa shirun da na yi ba biyayya ba ce, tsoro ne.

'Yan'uwana masu karatu, Kirista da Musulmi, in irin wannan ta same ku, kada ku tafi ku kaɗai. Ku je da fasto ko liman, da jauro, da lauya, ku san sunan wanda ya karɓi mutuminku da inda za a ajiye shi. Mata kuma, in zuciyarku ta ƙi abu, ku faɗa da ƙarfi tun ana gida. Ni na faɗa a hankali, na bar shi ya hau babur.