Gashin Idon Uwar Yarana

Ni ne sakaran wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin 'yan majalisar ƙofar masallaci su faɗa da ƙari. Ana cewa kishi kumallon mata ne. To, ni da furfurata da sandata nawa ya motsa.

Uwar yarana ta kamu da ciwon nan mai cin gani a ɓoye, wanda ruwan cikin ido ke taruwa ya rasa mafita. A lopital, wato asibiti, suka rubuta mata maganin ɗigawa, 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, ɗigo guda kowace yamma, a kuma ajiye shi wuri mai sanyi. Sanyi a Kwatano! Ɗakinmu na Zango ko ruwan randa ɗumi gare shi. Firigo kuwa duk layinmu sai a shagon Alhaji, wani falken shanu da ya sauko daga arewa, gwauro tun rasuwar matarsa, mai son turare da doguwar gaisuwa. Saboda haka kullum bayan magariba sai ta yafa mayafi ta tsallaka, ta ɗiga, ta dawo.

Wata rana tana miƙo mini koko, na ɗaga kai na ga abin da ya hana ni haɗiya. Gashin idonta ya yi tsawo, ya yi baƙi, har ya lanƙwasa kamar na ɗan maraƙi. Fatar idon ma ta yi duhu sai ka ce an ja tozali.

Na ce, "Hajiya, kwalliyar nan ta wa ce?"

Ta ce, "Wace kwalliya, Malam? Sha kokonka."

Ina koko zai shawu? Daga ranar, in Alhaji ya ce mini, "Yaya idon Hajiya?" sai in ji kamar ya taka mini ƙafa. Ina ruwansa da idon? Shi ya biya sadakinsa? Na fara habaici. In ta dawo in ce, "Yau ɗigon ya yi tsawo." In ta yi shiru in ce, "Ko shanun ma ana ɗiga musu ne?" Ran da ta gaji, ta ninke mayafin ta sa ƙarƙashin filo. Ba ta ƙara tsallaka layin ba. Ni kuwa na kwanta ina jin kaina namiji.

Damina ta wuce. Sai ta fara ture buta in tana gefenta. Rannan a bakin titi wani zemijan, ɗan acaɓa, ya shafi zaninta, ta rantse ba ta ga tahowarsa ba. Nan na ɗauke ta muka koma lopital.

Likitar mace ce, sa'ar 'yarmu. Ta auna idon, ta ce, "Baba, ruwan ya sake hawa. Abin da ya tafi na gani ba ya dawowa. Saura muke karewa. Wa ya ce ta daina?"

Na dubi silin. Silin bai taimake ni ba. Don in sauya magana na ce, "To wannan gashin idon fa?"

Ta yi mini bayani, ni kuma na yi lakwal, wato boko, ko da yake ban daɗe ba, don haka ga shi yadda na fahimta. Jiki yana da wasu 'yan aike da yake ƙerawa daga maiƙo, kowanne da saƙonsa. Maganin nan kwaikwayon ɗaya daga cikinsu ne. Yana shiga da barcinsa, sai ya ratsa gilashin gaban ido, idon da kansa ya gutsure masa wutsiya, ya farka, ya je ya buɗe wa ruwa hanya. In ya gama jiki ya narkar da shi, shi ya sa kullum sai an aika sabo. Wanda ya malalo kan fata kuwa sai ya tashi saiwar gashi. Wato irin dillalin kasuwar shanu ne, a aike shi sayar da sa, ya biya ya ƙulla wa wani aure. Ashe maiƙo nake kishi da shi, ba Alhaji ba.

Yanzu ni ke tsallaka layin bayan magariba. Alhaji ya buɗe firigo ya miƙo kwalbar, ya ce, "A gaida Hajiya," in amsa da haƙora. In dawo ta kwantar da kai a cinyata, in ɗiga, in goge abin da ya zubo. Har yau ban yarda da turarensa ba.

Rannan ina gogewa, na ce bari in gyara zumunci. Na ce, "Amma fa Hajiya, gaskiya idon nan ya yi kyau. Ni dai kar kowa ya kalla sai ni."

Ta ce, "Tun ina amarya nake sa maka kwalli, Malam, ba ka taɓa cewa uffan ba. Sai da idon ya fara mutuwa ka san ina da shi. Sauran ka ɗiga a naka idon, ya fi nawa buƙata."